Labarin Makaɗan Kuka na Dakar da Mas'alar Haƙƙin Mai Waƙa

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ɗaukakawa, Mai ƙasƙantarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wagga takarda, na san wani zai yi mamaki in ya ga malamin allo ya ɗauki alƙalami a kan zancen makaɗa. To, ga dalili. Bayan sallar layya da ta wuce wani dattijo ya zo mini daga ƙasar Kebbe, ya zauna a zaure har almajirai sunka tashi, sa'an nan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Makaɗin kotso ne, gadon gidansu ke nan tun kakanni. Zamanin ƙuruciyarsa su tara suke yawo, shi da 'yan amshinsa da sanƙira, ba a naɗin sarauta ko hawan salla a yankinsu ba a aika musu da goro ba. Yau fiye da shekara ashirin ke nan ba wanda ya neme su, kotsunan suna rataye a ɗaki fata ta bushe. Rannan a tashar mota ta Tambuwal sai ya ji muryarsa tana fita daga wayar wani yaro. Ya tambayi yaron inda ya samo, yaro ya ce a kasuwa anka tura masa tare da wasu waƙoƙi masu yawa, kuɗi kaɗan ya biya. Ya ce da shi ko ya san mai waƙar? Yaro ya ce bai sani ba, amma dai ya ji an ce ya daɗe da rasuwa.

Tambaya biyu dattijon nan ya yi mini. Ta farko, shin wanda ya sayar da muryarsa ba da saninsa ba ya ci haƙƙinsa ko bai ci ba? Ta biyu, in ya tara ragowar yaransa su sake ɗaukar waƙoƙinsu, shin an taɓa jin makaɗan da kasuwa ta watse musu sa'an nan ta sake ci? Na fara ba shi amsar ta biyu, don labari ce, kuma ita ce ke buɗe ƙofar ta farko.

Waɗanda ke zuwa Kaulaha ziyarar Shehu Ibrahim Inyas sun san birnin Dakar, don ta nan mafi yawa ke bi. A 1970, shekara goma bayan ƙasar Sanagal ta karɓi mulkin kanta daga Faransa, wasu manyan gari, cikinsu har da Adrien Senghor, dangin shugaban ƙasa na lokacin, sunka buɗe wani gidan shaƙatawa na masu hali, sunka sa masa suna Baobab, wato kuka da bakin Turawa. Kuka itace ce mai daraja gare su, har tana cikin tambarin gwamnatinsu tare da zaki. Sunka janyo makaɗa daga wata ƙungiya da ta riga ta yi suna, ana ce mata Star Band, ta wani mai gidan rawa Ibra Kasse, sunka haɗa sabuwar ƙungiya, anka kira ta Orchestra Baobab. Mu ce Makaɗan Kuka.

Taron dangi daban-daban ne. Balla Sidibe da Rudy Gomis mutanen Kasamans ne, kudancin ƙasar. Laye Mboup Bawolofe ne, maroƙin gado, irin waɗanda mu ma muke da su a ƙofar fada. Issa Cissokho, mai busa ƙahon Turawa, shi ma daga gidan roƙo na Mandinka ya fito. Mai jita kuwa, wato molon Turawa mai aiki da lantarki, sunansa Barthelemy Attisso, mutumin Togo ne, karatun lauya ya kawo shi Dakar, ya riƙa kiɗa da dare don ya sami abin biyan bukatar karatu. Kiɗan da suke yi tushensa na Kyuba ne, wani tsibiri can gefen Amurka. Faya-fayan garmaho na Kyuba sun cika garuruwan bakin teku tun kafin mulkin kai, mutane kuwa sunka karɓe su hannu biyu, domin bayin da anka kwasa daga Afirka su ne sunka kai asalin kiɗan can, kunne ya gane abinsa. Makaɗan Kuka sunka ɗora waƙar Wolof da ta Mandinka a kan wanga kiɗa. Cikin shekarun 1970 ba wanda ya sha gabansu a Dakar, ko da yake sun yi babban rashi a 1975, da Laye Mboup ya rasu a haɗarin mota.

A 1979 gidan Baobab ya rufe. Wannan kaɗai da bai kashe su ba, don akwai wasu gidaje. Abin da ya ci su shi ne wani yaro, Youssou N'Dour, haihuwar 1959, wanda shi ma ya bi ta Star Band. Shi da abokansa sunka fito da wani salo ana ce masa mbalax, mai zafi, mai sauri, an gina shi a kan gangunan Wolof da ake kira sabar da wata 'yar ganga ta hammata, tama, wadda in ka gan ta ka ce ƙaramin kalangu ce. Samari da 'yan mata na unguwannin talakawa sunka ce ga nasu ya zo, kiɗan Kuka kuwa na iyaye ne da ma'aikatan gwamnati masu ɗaura wuya. Ku dubi wanga al'amari: can gangar gargajiya ce ta kori kayan Turawa, nan gare mu kayan Turawa ne sunka kori ganga. Makaɗan Kuka sunka ƙi sauya hannu su bi yayi. Taro ya riƙa raguwa, har a 1987 sunka watse. Wasu sunka koma kiɗa a otal-otal don baƙi, Attisso ya koma Lome ya buɗe aikin lauya, ya ajiye jita.

Amma kafin su watse, a 1982, lokacin da kasuwa ta riga ta fara juya musu baya, sun shiga wani ɗan ɗakin ɗaukar murya sun yi wasu waƙoƙi cikin natsuwa, ba gaggawa, kamar masu hira bayan isha'i. Anka fitar a kaset. A gida bai yi wani tasiri ba, don hankalin mutane ya tafi wani wuri. Sai masu kwafar kaset ba da izini ba sunka yi ta buga shi suna sayarwa, daga hannu zuwa hannu, har ya ƙetare teku ya kai Faransa da Ingila, masu shi ba su ga ko anini ba. A 1989, shekara biyu bayan ƙungiya ta mutu, wani kamfanin faifai na Landan, World Circuit, wanda Nick Gold ke jagoranta, ya fitar da ɗaukar nan bisa ƙa'ida, ya sa mata suna Pirates Choice, ma'ana zaɓin ɓarayin kaset. Sunan da kansa shaida ne a kan abin da ya faru.

Daga nan sai wani abu ya auku a wata nahiya wanda ya taimake su. A 1996 Nick Gold ɗin nan ya tafi Habana, babban birnin Kyuba, da niyyar haɗa makaɗan Mali da na Kyuba. Mutanen Mali ba su sami takardun tafiya ba. Don kada a yi asarar zuwa, anka tattaro tsofaffin makaɗan Kyuba waɗanda duniya ta manta da su, cikinsu har da wani Ibrahim Ferrer, haihuwar 1927, wanda ya bar waƙa har ya koma goge takalma. Faifan da sunka yi, Buena Vista Social Club, ya fito a 1997, anka sayar da miliyoyi. 'Yan kasuwar faifai sunka gane cewa akwai masu saye ga kiɗan tsofaffi in an ɗauke shi da kyau. Fatake sun san wanga: hajar da ta kwanta a wata kasuwa, wata kasuwar nemanta take yi.

A 2001 anka sake fitar da Pirates Choice, faifai biyu, da ƙarin waƙoƙin da ba su fito ba da farko. Anka shiga neman mutanen ɗaya ɗaya. Mafi wuya shi ne Attisso, don shekara goma sha huɗu bai riƙe jita ba, yatsu sun sandare. Sai da ya koma shina koyon hannu da dare bayan ya tashi daga ofis, shina sauraron ɗaukar kansa ta dā shina bi. Malamai sun san irin wanga hali: mahaddacin da ya bar tilawa shekaru, Alƙur'ani bai fita ƙirjinsa duka ba, amma sai ya zauna ya yi tishi kamar ƙolo kafin harshe ya saki. Cikin watan Mayu na 2001 sunka hau dandali a zauren Barbican na Landan.

A 2002 sunka fitar da sabon faifai, Specialist in All Styles, wato gwanayen kowane salo. Nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Ba su ce bari mu yi mbalax don mu burge yara ba. Mafi yawan abin da ke ciki tsofaffin waƙoƙinsu ne, sunka sake yi da kayan ɗauka na zamani, murya ta fito tas. Cikinsu akwai wata ta marigayi Laye Mboup mai suna Ndongoy Daara, wato almajirin makarantar allo da harshen Wolof, wani saurayi Assane Mboup ya rera ta a madadinsa. Akwai wata ta Ndiouga Dieng, Dee Moo Woor, ma'anar sunan mutuwa ita ce tabbas. Ibrahim Ferrer na Kyuba ya sa murya a waƙa guda. Wanda kuwa ya tsaya tare da Nick Gold wajen shirya faifan, ya kuma yi waƙa a ciki, shi ne Youssou N'Dour, yaron nan da ya kwashe musu kasuwa shekara ashirin baya. Ni a ganina wanga shi ne mafi kyawon abin da ke cikin labarin duka, don ban cika ganin wanda ya hau ya waiwayo ya kama hannun wanda ya ture ba, ko cikin 'yan kasuwa, ko cikinmu malamai, Allah Ya shirye mu.

A 2003 gidan rediyon BBC ya ba su kyauta biyu, anka kuma sa faifan cikin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka. Sunka zaga ƙasashe, sunka koma suna wasa a Dakar, sunka fitar da wani faifai a 2007, Made in Dakar. Kada dai a ƙara gishiri: samarin Dakar ba su bar abin da suke so sun dawo gare su ba, kuma daga waje daraja ta fara dawowa kafin mutanen gida su tuna suna da su. Amma sun ci gumin sana'arsu da tsufa, an kira su da sunayensu. Sa'an nan ajali ya bi su: Ndiouga Dieng a 2016, har sauran sunka yi faifai don tunawa da shi a 2017, Issa Cissokho a 2019, Balla Sidibe a 2020, Attisso a 2021, Rudy Gomis a 2022. Da an yi jinkirin shekara ashirin wajen nemansu, da kaset kaɗai za a tarar.

Da na kai nan sai dattijon ya ce, to, malam, ai su Bature ya nema, mu wa zai neme mu? Na ce da shi ko kusa da mu an yi. A Tawa ta ƙasar Adar, cikin Nijar, akwai wasu masu jita da ake kira Azna de l'Ader, shugabansu ana ce masa Mona, sun daɗe suna kiɗa ba faifai, sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya tattara tsofaffin ɗaukarsu ya fitar da suna Zabaya. Amma gaskiyarsa, abin kunya ne a ce kullum sai baƙo ya zo ya nuna mana abin da ke cikin rumbunmu.

Yadda kasuwar makaɗanmu ta faɗi kuwa sananne ne. Makaɗin fada da ubangida yake rayuwa: doki, riga, hatsi, wani lokaci har gida da aure. Bayan 1966 mulkin soja ya karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage, hannun sarakuna da hakimai ya gajarta. Manya sun jure don sunansu ya riga ya kai ko'ina: Musa Ɗanƙwairo ya yi ta yi har rasuwarsa a 1991, Mamman Shata har 1999. Ƙanana na ƙauye su ne sunka fara jin jiki. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai waƙoƙin finafinan Kano sunka zo da fiyano, yaro guda da akwati guda shina aikin mutum tara, mai biki kuwa ya ga sauƙin ciyarwa. Yanzu ma ba a ko kiran mai fiyano, sai a ɗauko lasifika a sa waya. Ga rashin tsaro ya rage taron dare a ƙauyukanmu. Abin da ya tsira shi ne abin da anka ɗauka. Ibrahim Narambaɗa ya rasu tun 1963, amma yaron da anka haifa jiya ya san muryarsa. Rediyon Kaduna, wanda anka buɗe a 1962, ya ɗauki makaɗa masu yawa, haka kuma mutane masu rikoda a wuraren buki.

To, mu komo ga tambaya ta farko, wadda ta shafi fatake. Na san wani malami zai ce ai kiɗa kansa abin hani ne, ina zancen haƙƙi a cikinsa? Lalle mai Risala ya hana sauraron kayan wasa da waƙa da gangan, kuma Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, ya soki kaɗe-kaɗen banza na sarakunan Haɓe cikin Kitabul Farƙi. Amma shi Shehun, cikin Najmul Ikhwani, ya nuna akwai saɓanin malamai a kan kayan kiɗa, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya fi tsanantawa. Imamu Gazali ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan sauraro, ya rarrabe hukunci bisa ga abin da ake faɗi da halin mai ji. Ba ni ne zan yanke abin da waɗanga sunka saɓa a kai ba. Abin da nake cewa ga ɗan kasuwa shi ne, ɗayan biyu ne. In ka riƙi cewa haram ne, to ka fitar da shi daga shagonka, kada ka ci kuɗinsa. In kuwa ka riƙi cewa ya halatta har kana sayarwa, to ka san akwai mai shi. Amma ka karɓi kuɗi a kansa da safe, mai waƙa ya zo da maraice ka ce masa ai sana'arka haramun ce ba ka da haƙƙi, wannan ba mazhabar kowa ba ce.

Akwai wata hujja da ta fi waccan ƙarfi, ita ce ta masu cewa a al'adarmu ba a mallakar magana. Makaɗi ya yi waƙa, ubangida ya biya shi nan take, waƙa ta zama ta kowa, mata na daka da ita, manoma na noma da ita. Haka littafi: mai kwafa ana biyansa ladan hannunsa da tawada da takarda, ba a taɓa aika wa magadan mawallafi da kome ba, kuma da haka ilmi ya yaɗu har ya iso gare mu. Wanga gaskiya ne. Amma a wancan zamani ba wanda ke tara dukiya da muryar wani, don ba a iya ɗaure murya a kai ta kasuwa. Da anka sami faifai da kaset da waya sai murya ta zama haja, ana saye ana sayarwa, malaman Malikiyya kuwa suna lura da al'adar mutane wajen gane abin da ake kira dukiya. A kan haka ne majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, daidai da 1409 ta Hijira, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke tsarewa, bai halatta a yi ta'adi a kansa ba. A shekarar nan guda gwamnatin Nijeriya ta yi dokarta a kan haka, anka sake sabunta ta da dokar 2022. Hukuncin bai tsaya ga makaɗa ba, ya haɗa da mai waƙar wa'azi da mai bege da malamin da ake sayar da karatunsa. Allah Shi ne Mafi sani.

Duk da haka ba na cewa a kori yaran da ke tura waƙa a kasuwannin Tambuwal da Dogon Daji da Jega. Abincinsu suke nema, kuma ba don su ba da muryar dattijon nan ta ruɓe cikin kaset, kamar yadda ɓarayin kaset na Dakar, da laifinsu da kome, su ne sunka kai Makaɗan Kuka kunnen wanda ya neme su. Bambancin shi ne can an sami ɗan kasuwa guda da ya bi sawu har ya iske masu abu, ya yi ciniki da su. Masu turawa suna da shugabanni a kowace kasuwa. Ba abu ne mai wuya ba su san makaɗan yankinsu da ke raye da magadan waɗanda sunka rasu, su yanka musu wani abu sananne, ko da a shekara ne, ko kuwa su nemi yafewa. Mafi ƙaranci, a rubuta sunan mai waƙa da garinsa da wanda anka yi wa ita. Yanzu sai ka ga an rubuta tsohuwar waƙa kawai, kamar littafin da anka yage bangonsa na farko, har a gaya wa mutum a idonsa cewa ya mutu.

Game da sake ɗauka kuwa, na ce da dattijon in ya yi niyya ya bar zambo da batsa da yabon da ya san ƙarya ne, kuma kada ya ce zai yi gasa da masu fiyano a fagensu, ya yi abin da ya gada yadda ya gada. Munka zauna munka ƙidaya. Cikin su tara huɗu ke raye, ɗaya shina sayar da albasa a Jega, ɗaya idonsa ya tafi amma muryarsa na nan. Akwai kaset uku a hannun wani attajiri wanda ya ɗauka da rikodarsa a wurin wani naɗin sarauta, na rubuta masa takarda ya ba da aro a kwafa. Sun sa ranar haɗuwa bayan an kai gero gida. Ya tashi zai kama motar Kebbe, ya ce kafin nan sai ya nemi fatar ɗan akuya ya sake rufe kotsuna biyu.

Haza wassalamu.